Matuƙa Jiragen Yaƙi da ke Kwance a Maƙabartar Kano, da Namu da ke Kwance a Bama

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, sai a samu wuri a zauna a karanta a tsanake.

A Kano, wajen ganuwa, akwai tsohuwar maƙabartar Kiristoci ta zamanin Turawa, wadda takardu ke kira Kano Township Christian Cemetery. A cikinta akwai kaburburan sojojin Yaƙin Duniya na Biyu, wanda iyayenmu ke ce wa yaƙin Hitila, kuma daga cikinsu akwai mayaƙan sama. Babu wani gumurzu da aka yi a Kano a wancan yaƙin, Jamusawa ba su jefa bam ko ɗaya a Fagge ko Sabon Gari ba. To me ya kashe waɗannan samari a nan, nesa da iyayensu?

Akwai kuma tambaya ta biyu, wadda ta fi damuna. Yau sama da shekara 80 ke nan, amma duk wanda ke da waya da data zai iya gano sunan kowannensu, da lambarsa ta soja, da ranar da ya mutu, da inda kabarinsa yake. Mu kuwa sojan da ya rasu a Sambisa shekara biyar da suka wuce, in ba danginsa da abokan aikinsa ba, wa ya san sunansa? Bari mu fara da tarihin tukuna.

Ranar 27 ga Oktoba 1925, jirage uku na rundunar sojan saman Birtaniya, samfurin DH.9A, suka tashi daga Helwan kusa da Alƙahira. Suka bi Kogin Nilu zuwa Sudan, suka karkata yamma ta Darfur da Chadi, ranar 1 ga Nuwamba suka sauka a Kano, zamanin Sarki Usman na Biyu. Ba filin jirgi a lokacin, a filin dawaki suka sauka. Wannan ranar ce ake lissafawa a matsayin mafarin tarihin jirgin sama a Najeriya. Jagoran tafiyar wani matashin hafsa ne mai suna Arthur Coningham. Ku riƙe sunan nan, zai sake fitowa.

A 1936 kamfanin Imperial Airways ya fara jigilar wasiƙu da fasinja tsakanin Khartum da Kano, daga baya ya miƙa har Legas da Akara. Saboda haka kafin yaƙi ya ɓarke an riga an san hanyar, akwai 'yan filayen sauka jefi-jefi, sai dai ba wanda ya ɗauke ta da wani muhimmanci.

Watan Yunin 1940 ne ya sauya komai. Ranar 10 ga wata Italiya ta shiga yaƙi a ɓangaren Jamus, kafin ƙarshen watan Faransa ta miƙa wuya. Tekun Bahar Rum ya zama tarko ga jiragen ruwan Ingila. Ga sojojinsu a Masar suna tsaron mashigin Suwez, ga Italiyawa a Libiya da Habasha, ga kuma ƙarancin jiragen yaƙi. In za a kai musu jirage ta ruwa, dole a zagaye Afirka gaba ɗaya ta Kudu, tafiyar makonni masu yawa. Nan ne aka tuna da tsohuwar hanyar Kano.

Dabarar ita ce a kwance jirgi gunduwa-gunduwa a Ingila, a zuba a manyan akwatuna, jirgin ruwa ya kawo tashar Takoradi a ƙasar Gana ta yau. A can makanikai su harhaɗa shi, a gwada, sannan matuƙi ya hau ya ratsa Afirka da shi. Zango na farko Legas. Na biyu Kano, inda akan kwana. Daga Kano sai Maiduguri, a wuce ta Fort Lami, wato Njamena ta yau, zuwa Janaina da Fashir a Darfur, sai Ubayyid, sai Khartum, sannan a bi Nilu arewa zuwa Masar. Nisan ya kusa kilomita 6,000, kuma yakan ci kamar kwana shida in babu tangarɗa. Ayarin farko ya tashi daga Takoradi a watan Satumba 1940. In kun lura, daga Kano zuwa Khartum kusan turbar da alhazanmu na da ke bi da ƙafa ce zuwa Makka, su a ƙasa cikin shekaru, waɗannan a sama cikin kwanaki.

Akwai wani mutum da ba a cika ambatonsa ba, alhali ba don shi ba da hanyar ba ta yiwu ba. Shi ne Félix Éboué, gwamnan Chadi, baƙar fata haifaffen Guyana ta Faransa. Ranar 26 ga Agusta 1940 ya bayyana cewa Chadi tana bayan Janar de Gaulle, ba ta tare da gwamnatin Vichy da ta sasanta da Hitila. Wannan shawara ce ta buɗe sararin samaniyar Chadi. Nijar kuwa ta zauna a hannun Vichy har ƙarshen 1942. Ke nan matuƙin da ya tashi daga Kano, in ya kauce arewa kaɗan ya faɗa wajen Damagaram, ya shiga hannun waɗanda za su iya tsare shi. Ƙasa ɗaya, harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma Kano da Damagaram suna ɓangare biyu na yaƙin da ba su suka tayar ba.

Yanzu ga abin da ke kashe su. Yawancin jiragen ƙanana ne masu inji ɗaya da mazaunin mutum ɗaya, irin su Hurricane, daga baya Tomahawk da Kittyhawk na Amurka. An ƙera su ne don su tashi su yi faɗa su dawo, ba don tafiyar kwanaki ba. Shi ya sa ake haɗa su ayari, a sa babban jirgi mai inji biyu kamar Blenheim a gaba, mai ɗauke da ma'aikacin duba taswira, saura su bi shi kamar 'yan tsaki. Wanda ya ɓace wa jagora cikin gajimare, sai Allah. Duk ɗan Arewa ya san hazon hunturu, yadda ko yau da duk na'urorin zamani yakan hana jirage sauka a Kano. To ku ƙiyasta saurayin da bai taɓa ganin ƙurar nan ba, yana neman filin sauka da ido. Da damina kuma ga hadari tsakanin Legas da Kano. Ga yashi da ke cin inji. Ga tazarar da ke tsakanin Fort Lami da Janaina, inda in inji ya tsaya ba kowa sai ƙaya da rana. Har farin fenti akan shafa wa bayan wasu jiragen don masu nema su hango su in sun faɗi a daji. Wanda ya tsira daga waɗannan kuma, sauro na jiransa a ƙasa. Zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da ma'aikata da dama a wannan hanya.

Saboda haka kaburburan suke jere a kan turbar kamar tubalan awon hanya: Takoradi, Akara, Yaba a Legas, Kano, Maiduguri, Khartum. Matuƙan ba Ingilishi kaɗai ba ne. Akwai 'yan ƙasashen rainon Ingila daban-daban, akwai ma 'yan Folan da suka tsere bayan Jamus ta mamaye ƙasarsu, aka ba su aikin jigilar jirage a nan.

A 1941 Amurkawa suka shigo, da farko ta hannun kamfanin Pan American, daga baya sojojinsu suka karɓa. Jamusawa sun gane abin da ake ciki. A Janairun 1942 wani jirginsu ya ratso Sahara daga Libiya ya jefa bam a Fort Lami, ya ƙona ma'ajiyar mai. Amma hanyar ba ta tsaya ba. Daga 1940 zuwa 1943 jirage sama da 5,000 ne suka bi ta zuwa Masar. Da aka yi gumurzun El Alamein a ƙarshen 1942, inda aka karya lagon Janar Rommel, mayaƙan saman da suka rufa wa sojojin ƙasa baya suna ƙarƙashin wa? Arthur Coningham, mutumin nan da ya sauka a filin dawakin Kano shekara 17 kafin nan. Da yawa daga cikin jiragen da yake umurta sun kwana a Kano kafin su isa gare shi.

Kada a ɗauka mutanenmu 'yan kallo ne a wannan harka. Su suka yi leburancin faɗaɗa filayen jirgin. Su suka sauke gangunan mai daga jirgin ƙasa a Kano, suka loda a manyan motoci, domin a lokacin dogo bai kai Maiduguri ba, sai a 1964 ya kai. An tara kuɗi a larduna don sayen jiragen yaƙi, har rukunin jirage mai lamba 91 na sojan saman Birtaniya ya ɗauki sunan Najeriya. An matsa wa manoma kan gyaɗa. Bayan Japan ta ƙwace Malaya a 1942, an kwashi dubban talakawa aikin tilas zuwa haƙar kuza a Jos, da yawa ba su dawo ba. Gaskiya Ta Fi Kwabo, da aka fara bugawa a 1939 Abubakar Imam na edita, ita ke kai wa mutane labarin yaƙin da Hausa. Ba dutsen da ke ɗauke da sunan leburan filin jirgi ko na ɗan kuza.

To me ya sa na matuƙan suka tsira? Amsar ba ta da wani sirri: hukuma ce, da rajista, da kasafin kuɗi. A 1917, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, wani Bature mai suna Fabian Ware ya sa aka kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi, wadda tun 1960 ake kira Hukumar Kaburburan Yaƙi ta Kwamanwel, CWGC a taƙaice. Ƙasashe shida ke ɗaukar nauyinta: Birtaniya, Kanada, Ostireliya, New Zealand, Afirka ta Kudu da Indiya, kowacce gwargwadon yawan mamatanta. Tana riƙe da sunayen mutum kusan miliyan 1.7, a wurare sama da 23,000, cikin ƙasashe sama da 150.

Ƙa'idojinta kaɗan ne. Kowane mamaci a ambace shi da sunansa. Ba a mayar da gawa gida, inda mutum ya faɗi nan ake binne shi kusa da abokansa, shi ya sa ɗan attajiri ma ba a ɗauke shi daga Kano ba. Dutse iri ɗaya ga janar da kurtu. A kai akwai tambarin runduna, lamba, muƙami, suna, ranar mutuwa, sau da yawa da shekarun haihuwa, sannan 'yan kalmomi daga iyali da aka ƙayyade kada su wuce harafi 66. Hatta kwanakin da ake lissafi an yanke su: ga yaƙi na biyu, daga 3 ga Satumba 1939 zuwa 31 ga Disamba 1947. Wanda ciwo ya kashe yana bakin aiki da wanda harsashi ya kashe, duk ɗaya.

Waɗanda ba a ga gawarsu ba fa? Su ma ba a bar su ba. Mayaƙan saman da suka tashi daga sansanonin Afirka ta Yamma suka ɓace, sunayensu na cikin kusan 2,300 da aka rubuta a wani ginin tunawa a tsibirin Malta, wanda Sarauniya Elizabeth ta buɗe a 1954. Shi kansa Coningham, ikon Allah, ba shi da kabari. Ya gama yaƙi lafiya, ya yi ritaya, sai a Janairun 1948 jirgin fasinjan da yake ciki ya ɓace a teku kusa da Bermuda, ba a sake ganin ko ɓallinsa ba.

Yanzu mu juya ga namu. Lokacin da samarin Turawa ke zuwa suna mutuwa a nan, namu samarin ana kwasarsu zuwa can. A rundunar Afirka ta Yamma ta wancan zamani Hausa ce harshen bariki, har hafsoshin Turawa sai sun koye ta. A Fabrairun 1941 sojojin Najeriya suka shiga Mogadishu, cikin kimanin wata ɗaya suka kora Italiyawa har Harar a Habasha. A 1943 aka kafa manyan runduna biyu, ta 81 da ta 82, aka tura su Bama. Ina nufin Bama ta Asiya, wadda yau ake kira Myanmar, ba ta Borno ba. Sojojin Afirka ta Yamma kusan 90,000 ne suka je, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Tambarin runduna ta 81 gizo-gizo ne, na ta 82 kuwa masu biyu gicciye a kan gammo, domin da ka suke dakon kayan yaƙi a dazukan da mota ba ta shiga. A kwarin Kaladan, runduna ta 81 ta dogara ne kacokan kan jiragen sama da ke jefo mata abinci da harsasai ta laima. Bataliya uku na Najeriya, ta 6 da ta 7 da ta 12, sun yi yaƙi a bayan layin Japanawa a 1944 tare da dakarun da ake kira Chindit. A Janairun 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka ƙwace Myohaung.

Sunayen nan ba baƙi ba ne a kunnenmu, muna dai faɗinsu ne ba tare da sanin asalinsu ba. Barikin Dalet da na Kalapanzin a Kaduna, barikin Chindit a Zariya, Letmauk a Ibadan, Dodan da Myohaung da Arakan a Legas, duk daga yaƙin Bama suka samo suna. Barikin Mogadishu a Abuja ma kun ji daga inda ya fito. Mun riƙe sunayen wuraren da aka yi faɗan, mun saki sunayen waɗanda suka faɗi a wurin.

Amma sunayen suna nan. A arewacin birnin Yangon akwai maƙabartar Taukkyan, mai kaburbura sama da 6,000, da ginshiƙai masu ɗauke da sunaye kusan 27,000 na waɗanda ba a samu gawarsu ba. A cikinsu akwai 'yan Afirka ta Yamma birjik. Akwai wasu kuma a Chittagong da Kumilla a Bangaladesh. Yadda ake rubuta sunan soja a lokacin, sau da yawa sunan yanka ne da sunan gari, sai ka ga suna irin na gidanku an liƙa masa Kano ko Sakkwato ko Katsina ko Bauci. Wata uwa ta mutu tana jiran wannan yaro. Jikokin ƙannensa na nan a cikinmu, wataƙila har da mai karanta wannan rubutu, ba su san akwai inda aka rubuta shi ba.

Kada wani ya ce na zo yabon Turawa. Ita kanta hukumar ta ci amanar ƙa'idarta a kan baƙar fata. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, wanda sojojinmu da 'yan dako suka yi a Kamaru da Gabashin Afirka, an yi wa Turawa kaburbura ɗaya bayan ɗaya, 'yan Afirka da dama kuwa aka bar nasu suka shafe. A 1923 gwamnan Gana na lokacin, Guggisberg, ya nuna cewa talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba. Binciken Farfesa Michèle Barrett da wani fim na ɗan majalisa David Lammy a 2019 su suka tono maganar. Rahoton da ya fito a Afrilun 2021 ya ce mutum 45,000 zuwa 54,000 an tuna da su ba daidai da Turawa ba, sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba ko ma ba a tuna da su sam. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya tashi a majalisa ya nemi afuwa. A Janairun 2025 aka buɗe wani wurin tunawa a Cape Town mai sunayen baƙaƙen ma'aikatan soja sama da 1,700 da aka manta fiye da shekara 100.

Abin lura a nan shi ne yadda aka kama su. Da takardunsu aka kama su. Wasiƙun da suka rubuta wa juna a 1923 suna nan a fayil, ba gara ta ci ba, ba ruwan rufi ya jiƙa ba, ba wanda ya sayar wa mai ƙosai. Mu da muke aikin gwamnati mun san abin da nake nufi. Mun san ɗakin ajiyar fayil da ake turawa wanda ake fushi da shi, mun san yadda ake neman takardar shekara goma a ce an yi ƙaura da ita ta ɓata. Inda ba a adana takarda, ko zalunci aka yi ba mai iya tabbatar da shi balle a gyara.

Na san abin da wasu za su ce: mu Musulmi ne, ba ma gina kabari, ba ma ƙawata shi, mamaci addu'a yake buƙata ba dutse ba. Haka ne, kuma ban ce a kawo mana marmara a Ɗandolo ba. Ai daidaiton da Fabian Ware ya sha fama kafin ya samar, na janar da kurtu su kwanta iri ɗaya, mu tun asali haka muke, sarki da talaka likkafani ɗaya. Amma rashin gina kabari daban, rashin rubuta suna a littafi daban. Mu ne fa al'ummar da ta adana sunayen mutanen Badar da shahidan Uhudu sama da shekara 1,400. Mu ne masu haddace salsalar malamai da jerin sarakuna. Ba addini ne ya hana mu rajista ba, sakaci ne.

Kuma maganar ba ta tarihi kaɗai ba ce. Ku tuna 2021. Ranar 21 ga Fabrairu jirgin sojan sama ya faɗi kusa da filin jirgin Abuja, mutum bakwai suka rasu. Ranar 31 ga Maris wani jirgin yaƙi mai matuƙa biyu ya ɓace a Borno. Ranar 21 ga Mayu wani ya faɗi a Kaduna da Babban Hafsan Sojan Ƙasa, Laftanar Janar Ibrahim Attahiru, da mutum goma. Kowa ya riƙe sunan Attahiru, Allah Ya jiƙansa. Sauran goman fa, har da matuƙan da ke gaban jirgin? Waɗanda suka manyanta za su tuna jirgin da ya faɗi a Ejigbo a Satumban 1992 da hafsoshi sama da 150. Ga kuma waɗanda ake binnewa a maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri tun da rikicin Boko Haram ya fara, da waɗanda suka rasu a Laberiya da Saliyo da Darfur, da na yaƙin basasa. Duk ranar 15 ga Janairu ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi jawabi, a watse. To ina littafin da marayan soja zai buɗe bayan shekara 30 ya ga sunan mahaifinsa, da bataliyarsa, da ranar, da layin da kabarinsa yake?

Wannan ba ado ba ne. Matar da mijinta ke cikin rajistar da kowa ke iya gani, da wuya a yi shekaru ana yi mata jeka-ka-dawo kan haƙƙinsa. Ƙasar da ke ƙirga mamatanta da suna, dole shugabanninta su ji nauyin kowace gawa. Sojan da ke bakin daga ma ya san ba za a share shi kamar alli ba.

Abin da nake ganin za a iya yi, ba sai an jira wata babbar kwangila ba. Ma'aikatar Tsaro ta fitar da rajista guda ta duk wanda ya rasu a bakin aiki tun 1960, a sa ta a intanet, a riƙa sabunta ta, a ba ta layinta a kasafin kuɗi don kada ta mutu da tafiyar wanda ya ƙirƙiro ta. Jihohi, ta hannun hukumomin tarihi da ƙungiyar 'yan mazan jiya, su tsamo sunayen 'ya'yansu daga rajistar CWGC, wadda kyauta ce, su buga da Hausa a kai makarantu da fadodin hakimai. Ɗaliban tarihi na Bayero da Ahmadu Bello da Usmanu Danfodiyo da ke neman abin bincike, ga shi a ƙofar gida, ga Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun ƙasa a Kaduna. Hukumomin filaye kuma su sa ido kan tsofaffin maƙabartu, na Musulmi da na Kirista, domin mun ga yadda shaguna ke cin katanga taku bayan taku. Waɗancan samari baƙi ne da suka mutu a garinmu, kabarinsu amana ne, kamar yadda namu ke amana a hannun mutanen Yangon.

Mu kuma a gidajenmu, wanda ke da tsoho ko tsohuwa da ta san wani da ya tafi Bama, ya zauna da ita a makon nan da biro da takarda. Sunansa, sunan mahaifinsa, garinsu, shekarar da aka ɗauke shi, ya dawo ko bai dawo ba. In akwai lambar yabo ko takardar sallama a ƙasan adaka, a ɗauki hotonta, lambar sojan da ke jiki ita ce mabuɗin bincike. Waɗanda suka je da ƙafarsu kusan duk sun riga mu gidan gaskiya, 'ya'yansu ma yanzu tsofaffi ne.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya kare sojojinmu da ke daji da waɗanda ke sama, Ya ba iyalan waɗanda suka rasu haƙuri, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.